Jan Biro a Greensboro

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A gidan suna a tare ni, a gidan biki a tare ni, har a layin tantance 'yan fansho sai da Malama Dije ta ja mini mayafi ta ce, "Hedimistires, wai ya Amurkar take?" Na gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta. Daga yau duk wadda ta tambaye ni takardar nan zan miƙa mata. In ba ta iya karatu ba, to ba a makarantata ta yi ba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Hajiya Saudatu. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa a firamare a Zariya, sha biyun ƙarshe ni ce shugabar makaranta. Yara suna kirana Jan Biro a bayan idona, suna zaton ban sani ba. Na sani sarai, kuma sunan yana yi mini daɗi. A rajistata wanda ya zo yana samun shuɗin layi, wanda bai zo ba in zagaye masa sifili da ja. Ba na jin magiya, ba na karɓar "wallahi Malama". Ku riƙe wannan a ranku, za mu dawo kansa.

Dalilin tafiyar jikata ce, takwarata, wadda ake ce wa Ummi, 'yar 'yata Bilkisu da ke aure a Greensboro, wani gari a jihar North Carolina. Shekararta goma sha ɗaya, kuma sikila ce. Da can makarantar gwamnati ta unguwarsu take zuwa, irin wadda doguwar mota ruwan ɗorawa ke kwasar yara tun duku-duku. Tsayuwar jiran motar nan cikin sanyi ita ke tayar mata da ciwo, sati a aji sati a asibiti, har karatun ya nemi ya tsere mata. Sai iyayen suka nema mata gurbi a wata makaranta da ake yi ta kwamfuta daga gida, suna ce mata online charter. Sun daɗe a layin jira kafin su samu. Sharaɗin makarantar shi ne dole a sami babba a gida da zai tsaya kan yaro, shi suke kira coach. Bilkisu ce ke yi, sai wurin aikinta, gidan kula da tsofaffi, suka mayar da ita aikin safe na wata uku. Mijinta Nura kuma a wani katafaren sito yake aiki, tun asuba yake fita.

"Mama, wata uku ne kawai," in ji Bilkisu a waya. "In gurbin nan ya kuɓuce mana, tsayuwar bas za ta koma, ga sanyi ya shigo."

Na ce, "Yara ɗari takwas na riƙe, ɗaya ce za ta gagare ni?"

"To amma don Allah ban da bulala. Nan ɗaure mutum ake yi."

Na ce Allah ya kyauta. Na bar bulala a bayan ƙofa, na shiga Sabon Gari na sayi sabuwar rajista mai baƙin bango, biro shuɗi dozin ɗaya, ja rabin dozin. Na ɗauko ƙararrawar tagulla da malamai suka ba ni ranar da na yi ritaya, na naɗe ta cikin zani na tura ƙasan akwati, kusa da kilishi da daddawa da kuka.

Daga Kano muka tashi muka sauka Addis Ababa, daga can aka zuba mu a wani jirgin da ya ƙi sauka. Na yi barci na farka, na yi salla a zaune, na ci wani abu da suka ce shinkafa ce, na sake barci na farka, har yanzu ruwa ne a ƙarƙashinmu. Bilkisu ta sa a tanadar mini keken da ake tura tsofaffi a filin jirgi, na ce Allah ya kiyaye, da ƙafata. A Washington na gane kurena. Awa biyu ina layi, ƙafafu sun kumbura sun cika takalmi, ina kallo aka wuce da wata Hajiya 'yar Kano a keke, wadda da idona na ga ta tsallake akwati biyu a Addis tana rigegeniyar kujera. Har hannu ta ɗaga mini.

Jami'in shige da fice ya tambayi abin da ya kawo ni, na ce ganin jikoki. Ya tambayi aikina, na gyara tsayuwa na faɗa masa. Ko ɗago kai bai yi ba. Gaba kaɗan wani ɗan kare mai dogon kunne ya zo ya zauna gaban akwatina, ya ƙi tashi. Aka buɗe. Kilishin da na yi wa Nura tsaraba aka jefa a kwandon shara ina ji ina gani. Daddawa kuwa matar da ke binciken kayan ta shinshina sau ɗaya, ta rufe ido, ta mayar mini da abina da sauri. Sai ta zaro ƙararrawa. Ta juya ta, ta leƙa cikinta, sannan ta kaɗa. Wallahi duk falon nan sai da ya yi tsit, kowa ya waiwayo, har karen ya miƙe tsaye. A raina na ce ashe ko a nan tana aiki.

Nura ne ya zo ɗaukata, tafiyar awa biyar a mota. Ku da kuka san kunyar suruki ku auna. Na shige baya na ja mayafi, muka gaisa sau uku, magana ta ƙare tun ba mu bar filin jirgi ba. A hanya ya tsaya ya sayo mini kaza da dankali da shayi. Na ce alhamdulillahi a ƙoshe nake, alhali cikina kuka yake kamar tsohon janareta. Kazar nan tana gefena tana ƙamshi har muka shiga North Carolina. Da ya sauka shan mai na yi wuf na kurɓi shayin, sai na ji ƙanƙara ce fal a ciki, ga sukari kamar za a dafa alewa. Cikin wannan sanyi mutanen nan suke shan shayi mai ƙanƙara, kuma da hankalinsu.

Gidan nasu a hawa na biyu yake, cikin wasu jerin benaye a bayan titin Wendover. Titi ne da motoci ba sa ɗaukewa, manyan kantuna hagu da dama, amma sai ka yini ba ka ga mutum ɗaya yana tafiya da ƙafa ba. Ba tsakar gida, ba zaure, ba mai sallama. Bango kuwa katako ne, in maƙwabci ya yi atishawa har sai bakinka ya motsa za ka amsa masa. Kwana na biyu na kunna turaren wuta, wani abu a silin ya fasa ihu, Bilkisu ta fito da gudu tana yi masa fifita da tawul har ya haƙura. Abinci kam ba laifi, ana samun garin tuwo da manja a wani shagon 'yan Afirka. Su mutanen garin kuɓewa suke tsomawa a ƙullu su soya ta kamar ƙosai, ba yauƙi ba komai, an dai wulaƙanta ta kawai. Da safe suna da wani faten masara fari fat, ba yaji ba ganye sai man shanu, irin wanda ake ba mai jinya.

Yanzu ga maganar makaranta, wadda ita ta kai ni. Iri biyu ake yi a gidan. Hanifa, ƙanwar Ummi, 'yar shekara bakwai, ta unguwa take zuwa. A can ba kai ke zaɓa ba, adireshin gidanka ne ke zaɓa maka, in ka tashi daga unguwa makaranta ma ta canja. Mota ta ɗauke ta, a ba ta abinci a can, mota ta dawo da ita. Sau ɗaya na bi Bilkisu muka je. Ƙofa a kulle, sai ka danna maɓalli, a ƙare maka kallo ta kamara, ka nuna kati, a manna maka takarda mai sunanka a ƙirji. Na shiga aji, babba da ni, ba yaron da ya miƙe. Suna zube kan darduma, malamar ma a ƙasa take tare da su. Wani yaro ya dube ni sama da ƙasa ya ce hulata ta burge shi, ɗaurin ɗankwalina yake nufi. Amma a faɗi gaskiya aji ne. Akwai hayaniya, akwai ƙawaye, akwai mai kuka a lungu, akwai warin yara. Na gane shi.

Ta Ummi ce ta ɗaure mini kai. Ita ma kyauta ce, gwamnati ke biya, amma ba hukumar ilimi ta gari ke tafiyar da ita ba. Wasu mutane ne daban aka ba izini, in ba su yi abin kirki ba a karɓe. Ba ruwanta da adireshi in dai a jihar kake. 'Yan ajin Ummi wani yana can kan duwatsu, wata tana bakin teku, ba wanda ya taɓa satar fensirin wani. Ba mota, ba abinci, ba fili, ba asambuli. Littattafai da kayan gwajin kimiyya a kwali aka aiko su. Jarrabawar ƙarshen shekara ce kaɗai ake tara su a wani babban ɗaki a gan su ido da ido. Malamar ajinsu, Mis Linda, daga kicin ɗinta take koyarwa, wani lokaci kyanwarta ta ratsa ta gaban allo, darasi ya tsaya a gaisa da kyanwa. Ɗaga hannu maɓalli ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani maɓallin da malama ke dannawa, yara talatin su yi shiru lokaci guda, baki na motsi ba sauti. Shekara talatin da biyar ina tsage maƙogwarona, ashe akwai wannan a duniya ba wanda ya faɗa mini.

Kafin ta fara fita aikin safe, Bilkisu ta zaunar da ni gaban wani ɗan allo da suke ce wa tablet. Ta ce an mayar da sunan coach kaina, nan za ki shiga, nan za ki taɓa, kullum sai kin sa attendance, wato ki shaida musu yarinya ta zo. Ina ta gyaɗa kai. Gaskiyar magana ban saurara ba. Yarinyar da ni na koya wa riƙe fensir ce za ta koya mini kiran suna? Tana tashi na ɗora abin a saman firij don kada ya faɗi ya fashe, can ya zauna.

Litinin ta farko na kafa doka. Teburin cin abinci shi ne makaranta. Ba a zuwa mini aji da kayan barci, sai an yi wanka an sa hijabi da safa. Bakwai da minti arba'in da biyar na tsaya bakin kicin na kaɗa ƙararrawa. Ummi ta fito tana toshe kunne.

"Kaka, this is too much," ta ce. Hausarta tana nan, amma sai ta ga dama take fito da ita.

Na ce, "Ƙawata, ki yi mini Hausa ko ki yi mini shiru. Saudatu Nura?"

"Ni kaɗai ce fa a nan."

"Saudatu Nura?"

"Present."

Na ja shuɗin layi. Ba a yi minti biyar ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Hajiya Zeinabu ce ta ƙasanmu, 'yar Maraɗi, mai kitso, ɗankwali a hannu.

"Hajiya, lafiya? Na zaci gobara ce."

Na yi mata bayani. Ta yi dariya har tana dafa ƙofa. "To, bon. Ni ma na gwada wannan lakwal, makarantar kwamfutar nan, da ɗana. Wata biyu, ashe ƙwallo yake bugawa a ciki, malama na can tana magana ita kaɗai. Na mayar da shi ta mota, su je can su ji da shi. Irin wannan sai yaro mai son karatu, da babba mai ido."

Na ce ido kam an samu.

Kwana uku bayan nan wasu mata biyu 'yan Katsina suka zo yi mini barka da zuwa da hantsi. Muka zauna daf da tebur muka buɗe gaisuwa, ina gajiya, ya hanya, ya aka baro mutan gida, ya Alhaji wane, ya mai jiki, ashe Ummi ta buɗe abin maganarta za ta amsa tambaya. Duk jihar North Carolina sai da ta ji lafiyar mutanen Tudun Wada ɗaya bayan ɗaya. Can Ummi ta taɓa ni ta ce, "Kaka, Mis Linda ta yi muting ɗinki." Maɓallin nan da nake sha'awa, a kaina aka gwada shi.

Ban da wannan, aiki na tafiya. Yarinyar ta ba ni mamaki, don karatu take yi ba wasa ba, ba sai an tsaya kanta ba. Abu ɗaya na lura da shi. In ƙarfe uku ta yi takan je taga ta tsaya kallon motar makaranta tana sauke su Hanifa, yara na ture juna suna ihu. Kewa na damunta, na gani, kuma ya taɓa ni. Kullum Bilkisu ta dawo ta ce, "Mama, an yi attendance?" in ce, "Tun bakwai da arba'in da biyar." Ba ƙarya nake yi ba.

Larabar sati na biyu aka tashi da ruwa mai sanyin tsiya, Ummi ta farka da ciwon ƙafafu. Uwar ta ba ta magani kafin ta fita, ta ce in ya ƙaru in kira ta. Lokaci ya yi na kaɗa ƙararrawa, a hankali dai, amma na kaɗa. Kujera ba kowa. Na leƙa ɗaki, tana dunƙule cikin bargo, kwamfuta a gefen filo, abin ji a kunne. Na ce a raina katun take kallo don ta manta ciwo, na ƙyale ta. Na gasa mata ƙafafu da ruwan ɗumi, na dama mata kunu, na yi ta ɗura mata ruwa. Sannan na dawo tebur na zare murfin jan biro na zagaye mata sifili, na farko a sabuwar rajista. Har wani daɗi na ji hannuna ya tuna aikinsa, Allah ya yafe mini.

Juma'ar sati na uku Bilkisu ta shigo da wasiƙa a hannu, ko takalmi ba ta cire ba.

"Mama, daga makaranta ce. Sun ce kwana goma a jere ba a sa wa Ummi attendance ba, sun turo wa coach saƙo sau huɗu ba amsa. Litinin za su zauna da mu. In ba mu da hujja za su iya cire ta."

"Ƙarya suke yi," na ce. Na ɗauko rajista na buɗe mata a kan tebur, layi-layi, tsaf, ko gyara ɗaya babu.

Ta dubi rajista. Ta ɗaga kai ta dubi saman firij. Ta miƙa hannu ta sauko da tablet ɗin, ya yi ƙura, caji ya ƙare tun tuni. Sai ta zauna a ƙasa dirshan ta rufe fuska da wasiƙar, kafaɗunta na rawa, ban san dariya take ko kuka ba. Ina jin duka biyun ne. Da wata ce ba uwarta ba, da ta ji maganganu ranar. Abin da ta iya cewa kawai shi ne, "Haba Mama."

Ummi na tsaye bakin ƙofar ɗaki. Da Hausa ta yi magana, ba wanda ya roƙe ta.

"Kaka, bas zan koma?"

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma tsoro ya kama ni sosai. Na tsallako teku don in tsare mata gurbi, ga shi da hannuna zan tura ta bakin titi cikin sanyi.

Asabar na sauka wurin Hajiya Zeinabu na zayyana mata. Tana kitso ta ce, "Abu mai sauƙi, Hajiya. Ki ce ba ki jin Turanci. Tsohuwa daga Afirka, ba ta san kwamfuta ba, sai su ji tausayi."

Na ce, "Ni? Ni da na koyar da Turanci tun ba a haifi malamar ba? Gara a kore ni daga ƙasar."

"To girman kan nan ne ya jawo, shi kuma za ki kai musu?"

Gaskiya ta faɗa. Nura kuwa ya sa tablet ɗin a caji, ya goge shi, ya ajiye kusa da dardumata. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Litinin Bilkisu ta nemi izini a wurin aiki. Na sa leshina na zuwa biki, na feshe jikina da turare, sai da na zauna na tuna kwamfuta ba ta jin ƙamshi. Mis Linda ta bayyana, tare da wani mutum mai sanƙo, wai shi ke kula da zuwan ɗalibai. Ya yi bayani ba faɗa. Ya ce makarantar unguwa tana da ƙofa, malami na ganin wanda ya shigo. Su ba su da ƙofar da za su tsaya su ƙirga kai, coach ne idonsu, kuma gwamnati na tambayarsu. In coach bai danna ba, a takardarsu yaro bai zo ba.

Na gyara murya na ce, "Laifina ne. Ba na yarinyar ba ne, ba na uwarta ba ne. An nuna mini, ban saurara ba. Amma kiran suna kullum na yi shi." Na ɗaga rajista gaban kamara.

Mai sanƙo ya matso har hancinsa ya cika allon. Mis Linda ta sa hannu a baki. Sai ta ce in riƙe daidai za ta gwada da abin da ke wurinta, don ashe kwamfuta na rubuta duk lokacin da yaro ya shiga darasi da duk aikin da ya miƙa. Muka bi rana-rana. Litinin ta zo. Talata ta zo. Ina faɗa tana cewa haka ne, har na fara dawowa hayyacina ina gyara zaman tabarau. Sai muka iso Larabar nan.

"Wannan jan fa?" in ji Mis Linda.

"Ba ta zo ba. Ciwonta ya tashi, a kwance ta yini."

Ta duba nata. "A wurina ta zo. Ta shiga darasin lissafi da safe, kamara a kashe. Ta rubuto mini cewa tana kwance, da hannu ɗaya take bugawa. Ta amsa tambaya biyu. Darasin kimiyya ya wuce ta, ta kalli wanda aka naɗa da yamma, ta miƙa aikinta ƙarfe shida."

Na juya na dubi Ummi. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi.

"Ba katun kike kallo ba?"

"Fractions ne, Kaka."

Mis Linda ta ce, a hankali, "Madam, a nan ba kujera muke dubawa ba. Don irin wannan ranar aka yi makarantar."

Mai sanƙo ya ce a ɗauki hoton shafukan a tura masa, in an haɗa da abin da kwamfuta ta rubuta ya isa hujja, gurbin Ummi na nan. Bilkisu ta sauke ajiyar zuciyar da sai da labule ya motsa. Amma akwai sharaɗi. Coach za ta yi kwas na awa biyu, da jarrabawa a ƙarshe. Ni ke nan. Ummi ce ta tsaya kaina, ta ɗauki ƙararrawata ta kaɗa mini, ta ce ba a zuwa mata aji da goro a baki. Na ci bakwai cikin goma. Malama Dije, in kin iso nan ki tsallake layin.

Da la'asar ranar na buɗe rajista ina neman yadda zan goge sifilin nan, biro kuwa ba ya goguwa. Ummi ta karɓi shuɗi ta ja layi a kansa ta tafi abinta. Ni na zauna ina kallon shafin, sai ga Lantana ta faɗo mini a rai. 'Yar aji huɗu ce a makarantata, siririya, idonta ruwan ɗorawa. Takan yi sati biyu ba ta zo ba, layinta ya cika da ja kamar an jera tumatir a tire. Uwarta ta zo ofishina har sau biyu ta durƙusa ta ce ciwon ƙashi ne, amosanin jini. Na ce mata makaranta ba asibiti ba ce. A zango na uku na ja layi a kan sunan na rubuta "an cire", na ba wata wurin zamanta a benci. Shekara ashirin ban sake tuna yarinyar nan ba sai a Greensboro.

Sauran watannin ba labari. Kullum in kira suna a rajista don raina, in danna a tablet don makaranta. Ranar da Ummi ke kwance, ni ke kai mata kwamfutar gado. Wata uku suka cika, Bilkisu ta koma aikin yamma, na haɗa kayana. Ummi ta riƙe rajistar, wai za ta nuna wa 'yan ajinsu kayan tarihi. Hajiya Zeinabu ta rako ni har mota don ta tabbatar ƙararrawar ta bar gidan. A Washington da kaina na nemi keke, na kame a ciki, ina ɗaga wa masu layi hannu.

Satina ɗaya da dawowa na shiga neman Lantana. Ba a sha wuya ba, ashe gidansu yana jikin katangar makarantar ta baya, inda na yi shekaru ina wucewa. Tana raye. Na same ta a tsakar gida tana ɗinkin hula, siririya har yanzu. Tana ganina ta zube har ƙasa.

"Hedimistires, da kanki?"

Ta shimfiɗa mini tabarma. Na yi ta kewaye-kewaye, ya jiki, ya Inna, ya sana'a, sannan na daure na tambaye ta ko ta ci gaba da karatu a wani wuri.

"A'a, Malama, daga nan ya tsaya." Ba fushi a muryarta ko kaɗan, har murmushi take. "Amma ai ban daina bin ku ba. Ɗakin Inna jikin katanga yake, ajinmu na bayansa. Ina kwance ina jin ƙararrawarki, ina jin ana kiran suna. In an kira Ladidi, daga ita sai ni, to sai in amsa."

Ni da ban taɓa rasa ta cewa a gaban yara ɗari takwas ba, na buɗe baki na rufe. Ta ga na yi shiru, ta zaci ƙishirwa ce, ta ajiye hular ta tashi ta ɗebo mini ruwa.